Wuƙar aljihu mai sifirin: wane ƙarfe, wace wuta, wane gini ga mai farawa a Legas

Wuƙar aljihu mai sifirin a baya, wadda maƙeran Turai ke kira silif-joyin, ba ta da makulli. Abin da ke riƙe ruwanta a buɗe shi ne ke riƙe shi a rufe: siririn ƙarfe da ya bi bayan mariƙi yana danne gindin ruwan. Duk wanda ya taɓa buɗe Victorinox, wuƙar aljihun nan ta Suwizalan, ko Douk-Douk da ake ƙerawa a Faransa tun 1929, ya san ƙarar nan ta "ƙas" da ruwa ke yi in ya zauna. Kayan cikinta ba su da yawa: ruwa, sifirin, faranti biyu na ciki, marufi biyu na waje, ƙusa uku. Sai dai mai farawa a tsakar gida a Agege ko Idi-Araba, da bayis ɗaya, wato abin matse ƙarfe, da magagarai da wutar NEPA mai zuwa da tafiya, akwai zaɓi da dama a gabansa kafin zarto ya taɓa ƙarfe, kuma wasunsu in an kuskure su sai an koma farko.

Na farko shi ne ko mai sifirin ɗin ma za a fara da ita. Akwai mai sauƙi, irin Higonokami ta Japan: ruwa da mariƙi da ƙusa ɗaya, matsin ƙusar da babban yatsa ne kawai ke riƙe ruwan. Ana gama ta cikin kwana biyu, kuma tana koya wa hannu huda da waasa da dukan ƙusa. Wanda bai taɓa ba ƙarfe ruwa ba, gara ya yi wannan tukuna. Wanda kuwa ya riga ya ƙera wuƙar yanka ko ta suya mai kube, babu abin da zai ƙaru da shi a nan, ya wuce kai tsaye.

Game da siffa babu doguwar muhawara: ruwa ɗaya, sifirin ɗaya. Mariƙi santimita 9.5, ruwa kimanin 7, bayansa miƙaƙƙe. Mai ruwa biyu ko uku tana da sha'awa a hoto, amma duk ruwan da ka ƙara ka ninka wuraren da za a daidaita. Zanen kuma, tsakanin ka ƙirƙiro naka da ka kwafi na wani, kwafi ya fi. Sayi wuƙa mai araha irin wannan, goge kawunan ƙusoshinta, wargaza ta, ka ɗora guntayen a kan kwali ka zana. Tazarar ramuka da lanƙwasar sifirin an riga an gwada su a masana'anta, kai gyara fuska kawai ya rage maka.

Ƙarfe

Sharaɗi ɗaya ne ke raba gardama a nan: ruwa da sifirin dole su fito daga ƙarfe mai kauri ɗaya, shimfiɗaɗɗe, kimanin milimita 2.4. In sifirin ya fi gindin ruwa kauri, ruwa zai riƙa girgiɗi hagu da dama. In ruwa ya fi, zai cije tsakanin farantan, kuma haske zai riƙa ratsowa ta gefen sifirin. Bambancin da ake yafewa bai wuce milimita 0.02 zuwa 0.03 ba, wato bai kai kaurin silin gashi ba. Da wannan ma'auni za a auna kowane ƙarfe da Legas ke da shi.

Sifirin ɗin mota daga kasuwar kayan mota ta Ladipo shi ne abin da kowa zai fara ba ka shawara, don shi maƙera suka saba da shi. Ƙarfe ne mai kyau, yawanci nau'in da ake kira da lamba 5160 ko danginsa, kabon ɗinsa wajen kashi 0.6 cikin ɗari, mai juriya. Ga adda ko gatari ko wuƙar fawa, madalla. Ga wuƙar aljihu kuwa wahala ce: kaurinsa milimita 6 zuwa 8 ko fiye, a lanƙwashe yake, sai an buge shi a maƙera an rage kashi biyu cikin uku, sannan a zauna neman shimfiɗa da hannu. Ga kuma tsagar gajiya da ido ba ya gani, wadda ta samu a shekarun da ya yi ƙarƙashin danfo. Ba za ta bayyana ba sai ranar da ka tsoma a mai. Araha ba ta ado.

Tsohon magagari ya fi shi kaifi, don kabon ɗinsa na kaiwa kashi 1 ko sama da haka in na kirki ne. Matsalarsa biyu. Na arahar da suka cika kasuwa da yawansu fatarsu ce kawai mai tauri, cikin baƙin ƙarfe ne mai laushi. Gwajin ba shi da wuya: gasa wutsiyarsa ta yi ja, tsoma a ruwa, matse a bayis, rufa tsumma ka buga da guduma. In ya ɓalle tas kamar gilashi, wurin karayar toka-toka mai laushin gani, ƙarfe ne. In ya lanƙwashe, jefar. Ta biyu, sai an goge haƙoran gaba ɗaya har gindinsu, domin kowane layin haƙori da ya rage mafarin tsaga ne. A ruwa ana iya tsira da haka. A sifirin, wanda zai lanƙwashe sau dubbai, ba a tsira.

Zarton injin katako, irin na masu yankan gungume, ƙarfensa mai kyau ne kuma a shimfiɗe yake, amma mai kama da bel ɗin nan yawanci bai kai milimita 2 ba, sai dai ƙaramar wuƙa. Zarto mai da'ira wanda ba a liƙa wa haƙoransa kabayid ba, wato 'yan guntayen nan masu tsananin tauri, yakan kai 2.5 ko 3, kuma ana tsintarsa a wajen masu tsohon ƙarfe a Owode Onirin. Mai haƙoran kabayid ka bar shi: tunda ba jikinsa ke yanka ba, babu tabbacin jikin zai ɗauki tauri.

Wanda ba a cika tunawa da shi ba shi ne sabuwar adda. Addar kirki, irin mai tambarin kada, ƙarfe ne mai kabon da aka yi don ya lanƙwashe ya dawo, bai taɓa gajiya ba, kuma kusa da ƙota kaurinta na kusa da abin da ake nema. Aibinta tana sirancewa zuwa baki da tsini, saboda haka a yanki ruwa da sifirin kusa da juna daga wajen ƙota, a tsawon addar, a kuma auna da baniya, ma'aunin kaurin ƙarfe, tun a shago.

Sama da duka akwai ƙarfen da aka san sunansa, wanda ake odarsa daga waje: 1084, 1075, ko O1 da aka riga aka goge a inji ya zo da kauri ɗaya daga farko har ƙarshe. Sanda mai faɗin santimita 4 da tsawon 30 za ta ba da ruwa biyu da sifirin uku ko huɗu, kuma za ka buƙaci sifirin fiye da ɗaya. Tsadarsa kuɗin jirgi ne. Abin da kake saye shi ne sani: in sifirin ya karye, ka san hannunka ne ko wutarka, ba ƙarfen ba. Tsakanin 1084 da O1, mai gawayi ya ɗauki 1084, don da ya kai zafinsa ana tsomawa. O1 yana son a riƙe shi a zafi ɗaya kamar minti 10, abin da gawayi ba ya yi da daɗin rai.

To ina ƙarfen da ba ya tsatsa? A garin da iskar teku ke sa makulli ya yi ja cikin damina ɗaya, tambayar na da hujja. Amma irin su 14C28N da AEB-L da 440C suna neman zafin da ya kai wajen digiri 1050, a tanda mai ma'auni, a naɗe cikin takardar ƙarfe don kada iska ta cinye su. Ba aikin gawayi ba ne, ba kuma na ƙaramin janareto ba. A bar shi sai wuƙa ta biyar.

Jerin fifikon ke nan: 1084 in aljihu ya yarda, sai sabuwar adda ko zarto mai da'ira, sai magagari ga ruwa kaɗai, sifirin ɗin mota a ƙarshe. Duk wanda ba sabon odar ba ne, sai an kashe taurinsa kafin huda: a gasa har mayen ƙarfe ya daina kama shi, a binne cikin toka mai zafi ya kwana. In duk da haka bakin huda ya yi ƙara ya ƙi shiga, kamar yadda ƙarfen zarto kan yi, a sake gasawa zuwa ja mai duhu kawai, wanda da kyar ake ganinsa a inuwa, sau biyu, a bar shi ya huce da kansa. Shimfiɗawa kuma tare ake yi: a liƙa ruwa da sifirin gefe da gefe a kan guntun ƙarfe mai lebur da ɗigon sufa-gulu, a riƙa gogawa a sanfefa mai lamba 120 sannan 220 da aka shimfiɗa kan gilashi ko tayil, ana juya hannu don kada gefe ɗaya ya fi cin gugar.

Dunduniya, inda gizo ke saƙar

Gindin ruwa, wanda za mu kira dunduniya, shi ne wuƙar. Ramin ƙusar da ruwa ke juyawa a kai shi ake fara hudawa, kuma daga tsakiyarsa ake auna komai. Dole ya tsaya cak a kan ƙarfen. Karkatar digiri 1 kacal a ramin tana zama milimita 1.2 a tsinin ruwa mai santimita 7, kuma hakan ya isa ruwa ya riƙa gugar faranti duk rufewa. Injin huda na hannu ba ya ba da wannan. Wanda ba shi da na tebur ya tara duk hudarsa ya kai wa masu aikin tona, wato masu injin fere ƙarfe, ko walda, a yi masa cikin rabin sa'a. Farantan ciki biyu a matse su tare a huda su lokaci ɗaya.

Zaɓin da ke nan shi ne dunduniya mai kusurwa ko mai kewaye. Mai kusurwa tana da zango uku: buɗe, rabi, rufe. Ruwa na tsayawa a tsakiya kamar harafin L kafin ya ƙarasa, abin da ke ba yatsa damar kaucewa. Mai kewaye zango biyu gare ta, ruwa na tafiya sumul daga buɗe zuwa rufe, irin na Victorinox.

Lissafin mai kusurwa a fili yake. A ce faɗin dunduniya milimita 10, rami a tsakiya: daga tsakiyar ramin zuwa baya 5, zuwa ƙarshe 5, zuwa ciki 5. In ukun sun yi daidai, bayan sifirin zai zauna lebur da farantai a kowane zango. Amma kusurwar da ke tsakanin fuska biyu, in an bar ta da tsini, nisanta daga rami ya haura milimita 7, wato duk buɗewa sai ta ɗaga sifirin sama da milimita 2. Wannan ya yi yawa: ko sifirin ya karye, ko ya saki ya ƙi dawowa, ko farce ya karye wajen buɗewa. In aka zagaye kusurwar da gwiwa mai milimita 2, ɗagawar ta sauko kusan 1.2, wanda sifirin mai hannun santimita 5 ke ɗauka ba gardama. Mai kewaye ba ta da wannan tsalle, tana tausaya wa sifirin, kuma wuri biyu kawai za a daidaita. Sai dai zagayen ba da'ira ba ne sosai. Dole ƙarshensa ya fi fuskokin nisa da kamar milimita 1, in ba haka ba ruwa ba zai fizgi kansa ya zauna ba, zai yi laɓo-laɓo a hanya. Fitar da wannan lanƙwasa da magagari ido take nema, kuma ido bai samu ba tukuna a wuƙar farko. Fuska mai lebur kuwa baniya na faɗa maka gaskiyarta. Don haka mai aiki da hannu ya ɗauki mai kusurwa. Ko zangon rabi bai zauna daidai ba, kyan gani kawai aka rasa.

Masu sana'ar a Amurka suna auna hawa da saukar sifirin da wani allo mai agogon awo, wanda ake kira da sunan Bill Ruple, maƙerin Teksas. Ana iya yin irinsa da guntun ƙarfe mai lebur, ƙusa biyu da agogon awo na masu tona. In babu, farantin ciki ɗaya ya isa: ɗora ruwa da sifirin a kai da ƙusoshin gwaji, buɗe ruwan, ja layi da allura a bin bayan sifirin, sannan ka juya zuwa rabi da rufe kana duban layin. Shafa baƙar tawadar alƙalamin maka a dunduniya kafin kowane gwaji. Inda tawadar ta goge, nan ƙarfe ke taɓa ƙarfe, nan za a rage. Ana fara daidaita buɗe, a bar sauran biyun da ƙari, a riƙa cirewa shafa uku uku na magagari mai laushi. Sifirin ya yi sama, akwai gyara. Ya nutse ƙasa da layi, babu, sai sabon ruwa.

Wurare biyu ne ke cin mai gaggawa. Kafaɗa, inda bakin sifirin ke tokare bayan ruwa a buɗe: rage ta yana ɗaga tsini sama, kuma in ta wuce, wuƙa ta zama mai ɗaga kai har abada. Sai 'yar ƙafar da ke gaban dunduniya ta wajen kaifi, wadda ke sauka kan sifirin a rufe don kada kaifin ya bugi ƙarfe. Tana kusa da rami, tsini yana nesa, saboda haka milimita 0.1 da aka cire a ƙafar na nutsar da tsini ninki bakwai ko takwas. Ɗan hakin da ka raina ke nan. A bar ta da tsawo har sai an gama wasa ruwa, sannan a rage a hankali har tsini ya ɓuya cikin mariƙi, da sauran tazara tsakanin kaifi da sifirin. In ka ga wani ɗan wuri mai ƙyalli a kaifi bayan an rufe da ƙarfi, ƙafar ta gajarce.

Ɗaurin sifirin kuma haka ake ba shi: ruwa a buɗe a kan faranti, a matso da sifirin ya zauna kan dunduniya, a huda ramin ƙusar tsakiyar sifirin. A cire ruwan, a juyo bakin sifirin ciki kamar milimita 1, a matse, sannan a huda ramin baya. Wannan milimita ɗayan shi ne ƙarfin da ke danne ruwa ko yana hutawa. In ya yi tauri bayan wuta, ana rage cikin sifirin, ba bayansa ba, kuma da taka-tsantsan: rage kashi 10 cikin ɗari na tsayinsa yana zubar da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfinsa. Gugar ta bi tsawonsa, a ƙare da sanfefa 600. Zane ɗaya da ya gitta cikin sifirin, nan zai karye. Gurbin farce kuma a yanke shi tun ƙarfe na da laushi, can gaba da tsakiyar ruwa, don ko'ina ya matso kusa da ƙusa buɗewa na ƙara nauyi.

Wuta

Gawayi, gas, ko tandar lantarki. Tanda ta fi kowa daidaito, amma kuɗinta da wutar da take sha sun fitar da ita daga lissafin wuƙar farko. Gas, wato tocin masu gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki a bakin ramin da aka fafe cikin bulo biyu masu jure wuta, ya fi tsabta, ba hayaƙi, kuma ga ruwa mai santimita 7 ya isa. Haɗarinsa harshen wutar na cin tsini kafin gindi ya yi ja. A fara gasa dunduniya, a riƙa kai da komo. Gawayi ya fi araha kuma yana ko'ina, na ƙirya in an samu, wanda maƙeran Arewa suka fi so don ƙarfin garwashinsa. Dabarar da ke gyara shi ita ce a binne guntun bututun ƙarfe cikin garwashin, a toshe ƙarshensa ɗaya, a sa ruwan a ciki: zafi na zuwa daidai ta ko'ina, iskar zuga-zugi ba ta taɓa ƙarfen. Da bututu, gawayi ya fi toci ga mai koyo. A waje ake yi, ba a ɗaki ko baranda mai rufi ba, don iskar gawayi na kisa ba tare da wari ba. Bayan magariba ya fi, lokacin da ido ke ganin launin ƙarfe na gaskiya.

Mayen ƙarfe na sakin ƙarfe a wajen digiri 770. Ƙarfen 1084 na son kamar 815, wato ɗan ƙarin haske kaɗan bayan sakin. Gishirin girki na narkewa a 801, saboda haka ƙwayoyi kaɗan a kan ruwan shaida ce ta biyu. Kafin tsomawa, musamman ga ƙarfen da aka buga ko aka tsinto, a kai shi wannan zafi a bar shi ya huce a iska sau biyu ko uku, yana rage karkacewa. Abin tsomawa man girki ne, na gyaɗa ko na waken soya, lita ɗaya a gwangwanin ƙarfe mai murfi, a ɗumama shi zuwa kamar digiri 50. Ruwan sanyi na tsaga siririn ƙarfe. Baƙin man inji na da guba a hayaƙinsa kuma yana sanyaya ƙarfe a makare. Tsini ƙasa, a tsoma tsaye, a motsa sama da ƙasa, ba gefe da gefe ba. Idan an riga an wasa ruwan, a bar bakin da kaurin milimita 0.5, in ba haka ba zai fito kamar ganyen latas.

Da ya huce har hannu na iya riƙewa, sai sassauci, wato sake gasa shi a ƙaramin zafi don kada ya ɓalle, ba a bari ya kwana. Ruwa na son digiri 200, sa'a biyu, sau biyu, ya fito wajen 59 zuwa 60 a ma'aunin taurin ƙarfe na Rokwel. Tandar girki ta lantarki na yi in wuta ta tsaya, amma ɗaukewa a tsakiya na nufin sake lissafi. Tandar gas, ko tukunya cike da yashi a kan risho da ma'aunin zafi a soke, ta fi aminci a nan. Launin da ake nema a gogaggen ƙarfe shi ne na busasshen kara.

Sifirin labarinsa daban, kuma a nan yawancin wuƙaƙen farko ke mutuwa. Yana son taurin 45 zuwa 48, wato zafin da ya kusa digiri 400, inda tandar girki ba ta kaiwa. A goge shi fes bayan tsomawa, a ɗora kan farantin ƙarfe mai kauri a kan wuta, a zuba ido: ruwan kara, ruwan ƙasa, shunayya, shuɗi, sannan shuɗin ya koɗe ya koma toka-toka. A nan ake saukewa. A goge a maimaita sau biyu. Wanda ya tsaya a shuɗi mai kyan gani, wajen digiri 300, sifirinsa na iya ɓallewa. Wanda ya bari ya fara ja, zai lanƙwashe ya zauna a haka. Sabon magagari ya kamata ya ci shi, amma da ɗan gardama. Bayan wuta a sake liƙa su tare a goge baƙin, don kaurin ya koma ɗaya.

Mariƙi da ƙusa

Gini uku ake yi. Mai kumatun ƙarfe a gaba, irin Barlow ta Shefil, ita ce mai kwarjini, kuma kumatun na ba ƙusar ruwa wurin kamawa mai ƙarfi. Amma sai an liƙa su da dalma ko walda a kan farantin, zafin na karkatar da faranti mai milimita 1, sannan ɓoye kan ƙusa a cikinsu sana'a ce mai zaman kanta. Mai faranti da marufi kawai, ba kumatu, ta fi sauƙi nesa ba kusa ba: marufi ya rufe daga kai zuwa gindi, a sa 'yar washa ta ƙarfe a nutse a kowane gefe inda ƙusar ruwa za ta zauna, don kada dukan ya tsaga marufin. Na uku babu faranti sam, marufin G10 ko maikata, wato allon zare ko ƙyalle da aka daskarar da gam, mai kaurin milimita 3 zuwa 4 shi ke ɗaukar komai. Ba nauyi, ba aiki da yawa, amma katako ko ƙashi ba sa iya wannan, sifirin zai yage ramukan. Ta tsakiyar ita ce ta mai farawa.

Farantin tagulla ya fi daɗin zarto da magagari, sai dai yana kore a damina. Farantin silba na kwanuka, na ƙarfe ba na alminiyum ba, ba ya tsatsa, amma in bakin huda ya tsaya yana gugarsa sai ya taurare a wurin. A huda da sauri kaɗan, danni mai ƙarfi, da ɗigon mai. A marufi, ƙahon sa da ƙashin ƙafa suna nan a mayankar Oko-Oba kusan kyauta. Ƙaho na da kyau amma yana motsi da laima, ya kumbura a Yuli ya janye lokacin hunturu, ya ɗaga daga faranti. Ƙashi ya fi zama lafiya in an dafa shi da omo an cire maiƙo, ya bushe makonni a inuwa. Ƙurarsa na wari kuma ba ta da kyau ga huhu, a rufe hanci. Busasshen katako mai tauri, kanya ko ƙirya ko guntun maɗaci daga tsohuwar kujera, shi ya fi yafe kuskure. A liƙa da Araldite mai jinkirin kamawa, ba mai minti biyar ba.

Tsakanin ƙusa da sukuru, sukuru na ba da damar kwancewa a gyara, amma ƙananan da suka dace da famfon yanka musu zare sai an yi oda. Ƙusa kuwa tana shagon masu walda: sandar tagulla ta burazin da sandar silba ta waldar agon duk suna zuwa a milimita 2.4. Tagulla ta yi a marufi da ramin baya. A ƙusar ruwa da ta tsakiya a sa silba, don tagulla na cinyewa ƙarƙashin matsin sifirin, bayan watanni ruwa ya fara wasa. Bushin, wato ɗan zoben ƙarfe da ake sawa a ramin ruwa, wanda ya ɗara dunduniya kauri da milimita 0.02, yana sa wuƙa tafiya kamar an shafa mata man shanu, amma daidaita shi da hannu wani aikin ne. A tsallake shi yanzu.

Wajen haɗawa, a sa ƙusar baya da ta ruwa, a matse sifirin a bayis da ƙyalle har ramin tsakiya ya daidaita, a zura ƙusa mai fiƙaƙƙen baki. A ɗan buɗe bakin kowane rami ta waje don kan ƙusa ya sami wurin bajewa. A yanke ƙusa ta rage milimita 1 a kowane gefe. Kafin duka, a tsaga reza biyu a soka ɓallinta, mai kaurin kamar milimita 0.1, tsakanin dunduniya da faranti. Guduma ƙarama mai kan ƙwallo, ta giram 100, ɗaya kan ƙusar a kan uwar maƙera, duka kaɗan kaɗan a kewayen kai, ba tsakiya ba, ana juya wuƙar bayan kowane goma. Duka mai nauyi na kumbura ƙusa a cikin ramin ruwa, wuƙa ta daskare, kuma babu magani sai a huda ƙusar a fitar. In an zare rezar ruwa ya yi girgiɗi, ƙara duka biyu a gwada. In tsini ya karkata gefe ɗaya a rufe, a duba ko kan ƙusa na wancan gefen ya fi matsewa kafin a zargi ramin.

Ƙurar guga da ta shige ciki ita ke sa sabuwar wuƙa ƙarar yashi. A wanke gaɓar da kananzir ana buɗewa ana rufewa har abin da ke fitowa ya daina baƙi, a busar, a ɗiga man keken ɗinki. Kaifi shi ne aikin ƙarshe, bayan an gama duk wani buɗe-rufe na gwaji. Ƙarfe mai kabon a Legas yana son a share shi duk ya yanka lemo ko albasa, a kuma bi cikin sifirin da tsinke mai auduga da mai kamar sau ɗaya a mako lokacin damina, don tsatsar da ke karya sifirin daga ciki take farawa, inda zufar aljihu ke taruwa.